Maiƙon Jini Ba Ya Sallama: Kira Ga Iyalai Kan Gwajin Kolestirol

Akwai wata irin takardar magani da na saba gani a tagar ɗakin magani na asibitin da nake aiki, har na kai ga gane labarin mai ita tun kafin wanda ya kawo ta ya buɗe baki. Magunguna uku ne ko huɗu a jere: na hawan jini, da ƙaramin asfirin, da atorvastatin, wani lokaci har da na ciwon suga. Galibi ba mai takardar ne ke kawo ta ba. Ɗansa ne, ko ƙaninsa, ko matarsa, domin shi yana can kwance, ɓarin jikinsa ɗaya ya daina motsi.

Kwanakin baya wani matashi ya miƙo mini irin wannan takarda ta yayansa, wani tela ɗan shekara 47. Ina cikin yi masa bayanin yadda za a sha kowane magani, da na zo kan atorvastatin na ce wannan na rage maiƙon jini ne, sai ya dakatar da ni. "Likita," in ji shi, kamar yadda jama'a ke kiran duk mai farar riga a asibiti, "anya ba kuskure aka yi ba? Yaya fa siriri ne, ko tumbi ba shi da shi. Ina ya samo maiƙo?" Na tambaye shi ko an taɓa yi wa yayan nasa gwajin kolestirol kafin wannan kwanciya. Ya ce ba a taɓa ba, tunda bai taɓa yin ciwon da ya wuce zazzaɓi ba. Na ce mahaifinku fa? Ya ce Baba ya rasu yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya yanke jiki ya faɗi a hanyar kasuwa.

Wannan hira ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da gwajin kolestirol zai fita daga sahun gwaje-gwajen da ake yi wa mutum bayan ya faɗi, ya shiga sahun waɗanda lafiyayye ke kai kansa a yi masa. Mun karɓi gwajin jini kafin aure, mata sun karɓi awon ciki, mun fara sabawa da awon hawan jini a kemis. Wannan ma ya cancanci gurbi a cikinsu.

Mene ne kolestirol?

Kolestirol wani maiƙo ne mai kama da kakin zuma, wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halittar jiki, da shi ake haɗa ruwan madaciya mai narkar da mai a hanji, da shi ake samar da sinadaran balaga da haihuwa, har da bitamin D. Mafi yawansa hanta ce ke ƙera shi, kuma ita ce ke kwashe rararsa daga jini. Amsar tambayar ƙanin tela ke nan: kitsen da ake gani a tumbi da wuya daban yake da maiƙon da ke yawo a cikin jini. Siririn mutum na iya gadar hantar da ba ta kwashe rarar yadda ya kamata, sai maiƙon ya yi ta taruwa ko da ba ya cin kitse.

Tunda mai ba ya gauraya da ruwa, jini ba ya ɗaukar kolestirol haka nan sai an ƙunshe shi cikin wasu 'yan ƙullaye. Biyu daga cikinsu ne suka fi shafar mu. Na farko ana kiran sa LDL, shi ke rarraba maiƙon ga sassan jiki, idan kuma ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini yana zama. Na biyu HDL, wanda ke taimakawa wajen mayar da maiƙon zuwa hanta. Shi ya sa ake ce wa na farko mugu, na biyu kuma mai kirki.

Maiƙon da ya zauna a bangon jijiya yana tudu a hankali, shekara da shekaru, hanyar jini tana ƙara ƙunci. Ranar da tudun ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya na iya toshewa cikin mintuna. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ce, bugun zuciya ke nan. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. Ga mutanen gida abin kwatsam ya faru, alhali aikin shekara ashirin ne ko talatin ya kammalu a rana ɗaya.

Babbar matsalar ita ce duk tsawon waɗannan shekaru ba a jin komai. Hauhawar kolestirol ba ta sa ciwon kai, ba ta sa jiri, ba ta sa kasala. A wasu 'yan tsiraru ana iya ganin ɗigon rawaya a fatar ido, ko kumburi mai tauri a jijiyar agara, ko farin zobe kewaye da baƙin ido ga wanda bai kai shekara 45 ba. Wasu kuma sai jijiyoyi sun riga sun ƙuntata sannan su fara jin nauyin ƙirji in sun hau bene, ko ciwon sha-raɓa in sun yi tafiya, ko raunin mazakuta. Amma mafi yawan mutane alamarsu ta farko ita ce faɗuwar. Hanya ɗaya tak ake sanin gaskiya, ita ce a ɗebi jini a auna.

Shin ba ciwon Turawa ba ne?

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma tana da tushe a tarihi, domin a can aka fara gano lamarin. A shekarar 1948 aka fara bibiyar lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na ƙasar Amurka, kuma wannan bincike ne ya tabbatar da cewa yawan kolestirol da hawan jini da shan taba na share fagen ciwon zuciya tun mutum yana jin kansa garau. Sai dai inda aka fara gano ciwo ba lallai ne ya zama inda ya fi ɓarna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun yi ajalin mutum miliyan 17.9, wato kusan kashi 32 cikin ɗari na mace-macen duniya a shekarar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu ne, irin namu.

Ba ma sai mun dogara da alƙaluman waje ba. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda likitocin Najeriya da Ghana suka gudanar a asibitoci da dama, ciki har da na Kano da Zariya, ya duba abubuwan da ke haddasa shanyewar ɓarin jiki a tsakaninmu. A sakamakon da aka wallafa a 2018, hawan jini ne kan gaba, matsalar maiƙon jini na biye masa. Ƙarancin cin ganye da yawan cin nama da ciwon suga su ma suna cikin jerin.

Rayuwarmu ma ta sauya. Kakanninmu sun ci man shanu, amma sun wuni a gona, sun taka sayyada zuwa kasuwannin ƙauye. Mu kuwa daga ƙofar gida sai babur ko adaidaita sahu, daga nan sai kujerar ofis ko bencin shago, ga lemon kwalba da soye-soye da taliyar leda. Abincin ya ƙara maiƙo, motsin ya ragu.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne an ga inda aka juya wannan akala. A farkon shekarun 1970, mazan lardin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finland na cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya. A 1972 aka fara gangamin wayar da kai, jama'a suka rage man shanu suka koma man tsirrai, suka rage gishiri da taba, ana kuma auna jininsu ana bibiya. Cikin kimanin shekara arba'in, mutuwar magidanta masu ƙarfi a jika sakamakon ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Wa ya kamata ya yi, kuma yaushe?

Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka na ba da shawarar duk baligi daga shekara 20 ya auna, idan kuma komai lafiya ya maimaita bayan shekara huɗu zuwa shida. A yanayinmu, ga waɗanda nake ganin bai kamata su jinkirta ba ko kaɗan:

Duk wanda ya kai shekara 40 bai taɓa aunawa ba, namiji ko mace. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda. Mai shan taba ko shisha. Mai ƙiba, musamman ta tumbi. Macen da al'adarta ta ɗauke, domin LDL kan hau a wannan lokaci. Mai shan wasu magunguna na dogon lokaci, kamar na cutar ƙanjamau, da kuma masu shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ke iya tayar da suga da hawan jini da maiƙo gaba ɗaya.

Sai kuma rukunin da ya fi damuna, wato wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya gamu da bugun zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa ko 'yar'uwarsa kafin 65. Akwai nau'in hauhawar kolestirol na gado da ke samun kimanin mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300, kuma idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa na iya gadonsa, rabi da rabi ne. Masu wannan gado tun suna yara maiƙonsu ke sama, komai kyan abincinsu. A irin wannan gida ba a jiran shekara arba'in, har yara ake kaiwa gwaji bisa shawarar likita.

Gwajin kansa ba wahala. Jini kaɗan ake ɗiba daga hannu. Wasu wuraren za su ce a zo ba a karya ba, bayan awa 9 zuwa 12 ba ci sai ruwa, wasu kuma ba sa buƙatar haka, don haka a tambaya kafin a je. Ina kuma jan kunnen jama'a game da masu yawo da wata na'ura da ake riƙe ƙarfenta a tafin hannu, wai kwamfuta ta karanto duk cututtukan jiki, daga nan a sayar wa mutum magani. Ba a auna kolestirol sai da jini.

Yadda ake karanta takardar

Lambobi huɗu ne za ku gani, kuma ɗakunan gwaji na amfani da ma'auni iri biyu, mg/dL ko mmol/L, sai a duba wanne aka rubuta. Jimillar kolestirol, wadda ake rubuta TC, ana so ta kasance ƙasa da 200 a ma'aunin farko, ko 5.2 a na biyu. LDL ana so ya sauka ƙasa da 100, wato 2.6, idan kuwa ya kai 190, wato 4.9, ya yi yawa ƙwarai kuma yana sa a yi zargin gado. HDL shi ne ake so ya yi sama: kada ya gaza 40 ga namiji, ko 50 ga mace. Na huɗu shi ne wani maiƙon da ake rubuta TG, wanda zaƙi da giya da ƙiba ke tayarwa, ana so ya tsaya ƙasa da 150, wato 1.7.

Amma kada kowa ya yanke wa kansa hukunci da waɗannan lambobi. Likita na haɗa su ne da shekaru, da awon jini, da suga, da taba, da tarihin gida, sannan ya ƙiyasta haɗarin da mutum ke ciki. Lambar da za a bar saurayi ɗan shekara 25 da ita ya gyara abinci, ita ce za a sa wa dattijo mai ciwon suga magani a kanta. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki kuwa, ana so LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da na sauran mutane nesa. Wani lokaci ma hauhawar alama ce ta wata cuta daban, kamar raunin aikin halittar maƙogwaro da ake kira tayirod, ko ciwon ƙoda.

Uzurorin da nake ji

Na farko kuɗi, kuma ba zan raina shi ba. Na san gidajen da kuɗin cefane ma sai an yi lissafi. Idan dole sai an zaɓa, a fara da awon hawan jini, domin shi ne mafi araha kuma mafi ɓarna, sai suga, sai kolestirol. Amma a tuna cewa ga mai lafiya gwaji ne na sau ɗaya a shekaru da dama. A ɗora shi a sikeli da kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, da na gado, da na gashin ƙashi wata da watanni, da shagon da aka rufe, da 'yar da aka cire daga makaranta don ta yi jinya. A tagar da nake zaune ina ganin wannan lissafi kullum, kuma ban taɓa ganin ya fi sauƙi ba.

Na biyu tsoro. Wani zai ce gara bai sani ba, kada tunani ya kashe shi. Da a ce ciwo ne marar magani, da na fahimci wannan magana. Amma kolestirol na cikin abubuwan da likitanci ya fi iya sarrafawa, rashin sanin kuwa ba ya hana maiƙon ci gaba da taruwa.

Na uku, wai ajali in ya zo ba makawa. Haka ne, babu mai ja. Sai dai manomi yana shuka ne sannan ya roƙi Allah ruwa, kuma ba kowane bugun zuciya ko shanyewar jiki ke kashewa ba. Da yawa suna barin mutum shekaru a kwance, sai an kwantar an tayar. Neman kariya daga wannan hali ba ya cin karo da tawakkali.

Idan an samu ya hau fa?

Matakin farko yana cikin tukunya. Abin da ya fi tayar da LDL shi ne mai mai daskarewa: kitsen nama, kakide, man shanu, bota, fatar kaza, da manja idan aka yawaita, domin kusan rabinsa irin wannan mai ne. Ba na cewa a haramta wa kai tsire ko naman Sallah, amma a yanke kitsen, a rage yawan, kada ya zama na kullum. A fi karkata ga man gyaɗa ko na waken suya, shi ma daidai misali, a guji man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi. A yawaita wake, da gero da dawa waɗanda ba a surfe su fes ba, da kuɓewa, da zogale da rama da alayyafo, da gyaɗa, da kifi. Duk waɗannan abincinmu ne na gado. Sai tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, wadda ta cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Mai shan taba kuwa, barinta ya fi duk abin da zan lissafa.

Ga wasu, abinci kaɗai ba zai wadatar ba, sai an haɗa da magungunan da ake kira statin, irin su atorvastatin da simvastatin da rosuvastatin. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya fara gano irinsu daga funfuna a shekarun 1970. A 1994 aka wallafa gwajin da aka yi kan masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai, inda simvastatin ya rage mutuwa da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa duk saukar LDL da 1 a ma'aunin mmol/L na rage aukuwar bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

A nan zan yi magana da bakin sana'ata. Statin ba kamar maganin zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama. Idan aka daina, maiƙon na komawa inda yake cikin 'yan makonni, don haka kyawun sakamakon gwaji na biyu shaida ce cewa maganin na aiki, ba izinin ajiye shi ba. Simvastatin da dare ake sha, atorvastatin da rosuvastatin kuwa kowane lokaci, muddin an tsayar da lokaci ɗaya. Akwai magungunan da ba sa jituwa da su, kamar clarithromycin da erythromycin da ketoconazole da wasu na ƙanjamau, shi ya sa ya wajaba a faɗa wa likita ko mai harhaɗa magani duk abin da ake sha, har na gargajiya. Mai juna biyu, da mai neman haihuwa, da mai shayarwa, su sanar da likita tun kafin su fara. Wasu kan ji ciwon tsoka, galibi mai sauƙi ne kuma ana iya sauya nau'in ko rage ƙarfinsa, amma idan ciwon ya tsananta ko fitsari ya koma kalar shayi, a dakata a garzaya asibiti. Kada a sayi statin don an ga maƙwabci na sha, kuma a saya a wurin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC.

Tafarnuwa da zoɓo da lemon tsami a ruwan ɗumi ba laifi ba ne a matsayin abinci, amma ba sa maye gurbin magani ga wanda likita ya ce yana cikin haɗari. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika wai suna wanke jijiya kuwa, ba a san abin da ke cikinsu ba, kuma hanta da ƙoda ne ke biyan bashin.

Abin da nake roƙo

Ga hukumomi, ina ganin ya dace a sa wannan gwaji cikin abin da asibitocin matakin farko da tsare-tsaren inshorar lafiya ke bayarwa da rangwame, musamman ga masu hawan jini da ciwon suga da ke zuwa karɓar magani duk wata. Ranar Zuciya ta Duniya, 29 ga Satumba, dama ce ta kai awon kasuwanni da tashoshin mota maimakon ɗakunan taro.

Amma babban aikin na gida ne. Maigida ya je, ya tafi da uwargida. 'Ya'yan da ke aika wa iyaye kuɗin shinkafa su ware na gwaji sau ɗaya. A tambayi dattawan gida abin da ya yi ajalin waɗanda suka rasu da ƙuruciya, domin wannan tarihi na da daraja a wurin likita. A adana takardar sakamako inda ake ajiye muhimman takardu, a riƙa zuwa da ita asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanin telan nan na ba shi shawara a ranar cewa shi da sauran 'yan'uwansa su auna, su kuma yi wa likita maganar 'ya'yan yayan nasu. Bayan mako biyu ya dawo karɓar wa yayansa magani, sai ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini. Tasa ce. LDL ɗinsa ya haura 190, yana ɗan shekara 34, siriri kamar yayansa. Na tura shi wurin likita a ranar, kuma yanzu idan ya zo taga takarda biyu yake miƙowa, tasa da ta yayansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita, amin.